Ƙodar Inna Hajo

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin ban-kwana ba. Duk wanda ya taɓa barin gida ya san yadda ake yi: a yi addu'a, a ƙulle maka kilishi, tsofaffi su ja maka kunne a kan abubuwan da su kansu ba su taɓa gani ba. Ni dai na buɗe ido na gan ni a Landan, bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya fara yi wa gwamnati nauyi a aljihu har ta shiga aika irinmu ƙetare neman ƙarin ilimi. Ni ciwon ƙoda da dashenta aka aike ni in koyo.

Wannan kuwa ya ba mutanen Batsari dariya, domin mahaifina mahauci ne, daga Karare yake kai nama kasuwa. Tun ban san baƙi ba na san ƙoda. Na san yadda ake ɓare kitsenta, na san ta lafiyayyen sa da ta wanda ya sha wuya. Da labarin tafiyata ya kai kunnen Sarkin Fawa sai ya ce, "Ikon Allah. Mu da muke ciro ta kullum ba a kai mu Ingila ba, sai mai mayarwa."

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a Landan, shi ya fara cutata. A tashar jirgin ƙasa ya gan ni ina rawar ɗari cikin rigar shadda, ya taho da fara'a yana "ɗan'uwa, ɗan'uwa," ya ce in ban sami kwat yau ba gobe gawata za a aika Katsina. Ya ja ni wani lungu, ya sa aka kawo mini wata doguwar kwat mai kauri, ya karɓi ladansa ya ɓace. Kwat kam ta yi ɗumi, ba zan yi mata ƙazafi ba. Da ita na zaga ofisoshi, da ita na gaisa da manyan likitoci, kowa ya dube ni ya kau da kai cikin ladabi.

Sai da aka tura ni wani gari mai hayaƙi a arewacin ƙasar, inda asibitin da zan yi aiki yake, sannan asiri ya tonu. Matar da na kama haya a gidanta, wata tsohuwa 'yar ƙasar Ailan, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da kwat ɗin mata?" Ashe maɓallan nasu ma suna da jinsi. Ta karɓa, ta zauna da allura da zare ta juya su ɗaya gefen, ba ta ƙara ɗaga maganar ba har muka rabu. A ranar na gane Turawa ma suna da tasu kunyar, sai dai tasu ba ta hana a bar ka cikin abin kunya.

A wannan gari na zauna. Da safe ina ɗakin masu ciwon ƙoda, inda ake haɗa mutum da injin da ke wanke masa jini. Da rana ina ɗakin bincike, ina leƙen yankan ƙoda a madubin likita, ina neman abin da ya dame ni tun ina ɗalibi: me ya sa yaran ƙauyukanmu suke kumbura bayan zazzaɓi ya daɗe yana cinsu, fuska ta yi suntum, fitsari ya yi kumfa, daga nan sai kabari? Dashen kuwa a jikin aladu ake koyonsa. Ku dubi wannan hukunci: ɗan mahautan Karare, jikan mahauta, ya haye teku don ya yi wa alade tiyata, ya kuma tsaya yana addu'ar ya farfaɗo. Ban taɓa rubuta wa mahaifina wannan ba. Abin da bai sani ba bai hana shi barci ba.

Kewar gida kuwa ba a faɗa. Rana a can kamar baƙon da ake bi bashin gaisuwa take, ta leƙo ta koma. Azumi ya faɗo a lokacin da yininsu ba ya ƙarewa. Akwai wani Bayahude mai sayar da nama da ya lura da yadda nake kallon wuƙarsa, ya tambaye ni sana'ar gidanmu, daga ranar ya riƙa barina in zaɓi tsokata da hannuna. In na shiga shagonsa na shaƙi ƙanshin ɗanyen nama, sai in ji kamar na tsaya a rumfar babana.

Babbanmu shi ne Mista Hadon, likitan tiyata. A ƙasarsu mai tiyata in ya ƙasaita sai ya yar da "Dokta" ya koma "Mista," kamar malamin da ya yi sauka ya ce a daina kiransa malam. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili, kuma yana da ƙa'ida guda wadda ba ya sayarwa: ba zai sa wuƙa a jikin lafiyayyen mutum ya ciri ƙoda ba sai ya tabbata da son ransa ya bayar.

Cikin shekarata ta uku aka kawo mana Malam Haruna, malamin dabbobi daga Safana. Ƙodojinsa biyu sun mutu, gwamnati ta turo shi. Da ya ji na ce masa "sannu da jiki" da harshen gida, sai ya kama hannuna ya ƙi saki. A wancan zamani bututun roba ake dasa wa mutum a jijiya, ta nan inji ke jan jini yana mayarwa. Jinin Haruna kuwa mai saurin daskarewa ne. Bututun hannun hagu ya toshe, aka koma dama, shi ma ya toshe, aka koma ƙafa. Ranar da wuraren suka ƙare, inji ba shi da ƙofar shiga, kuma a gida babu injin ma sam. Dashe ne kawai mafita. An turo ƙanensa, jininsu bai zo ɗaya ba, ya koma. Sai aka turo mahaifiyarsa.

Inna Hajo Bafulatana ce daga rugar Tsaskiya, siririya, miƙaƙƙiya kamar sandar kiwo, ba ta kai hamsin ba. A gidan da nake haya aka sauke ta. Da aka ba ta madarar kwalba ta kurɓa, sai ta ture ta ce, "Wannan nonon ba shi da uwa." Da ta ji ko ni ɗan wane ne, ta ce, "Af, ɗan mahauta ne. Shanunmu ba su ishe ku ba, kun biyo mu da wuƙa har nan?"

Aka gwada ta. Jini ya dace, ƙodojinta biyu garau. Na yi hamdala, ban san yanzu aka fara ba.

Haruna ɗan farinta ne. Wanda ya tashi a ƙasarmu ba ya bukatar ƙarin bayani, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta ce ta kama rigarsa. Da aka yaye Haruna aka miƙa shi ga baffansa a Zakka, can ya girma. Don haka kullum Inna Hajo takan zo asibiti ta zauna a bencin baranda, ta ba ƙofar ɗakinsa baya. In aka turo shi a keke za a wuce da shi, sai ta tashi ta je tana duban taga. Ni ban ga komai a ciki ba. Ma'aikatan jinya kuwa sun gani, sun kuma kai wa Mista Hadon: matar nan ko sau ɗaya ba ta shiga ta duba shi ba.

Ya kira mu ofishinsa, ni ne tafinta. Na riga na yi mata bayanin aikin dalla-dalla, inda za a yanka, da haɗarin da ke ciki. Ya ce, "Tambaye ta, Haruna ɗanta ne?"

Na san tambayar kamar mari ce, amma na yi. Ta dubi ƙasa ta ce, "Mutanen Zakka suka raine shi."

"Tana so ta ba shi ƙodarta?"

"An ce in zo, na zo."

"Wa ya ce ta zo?"

Ta kau da kai, ta dubi taga.

"Ta san ana iya mutuwa a wannan aiki?"

"A Tsaskiya ma ana mutuwa, ba wuƙa ba komai."

"Ta san in ba a yi ba, zai mutu?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Rai na Allah ne."

Na mayar masa da kowace amsa yadda ta fito, gumi yana bin bayana a garin da ruwa ke daskarewa a famfo. Ya rufe alƙalaminsa ya ce a kai ta waje. Da ta fita na tsaya na yi masa lacca a kan fulako, wato kawaicin Fulani, da kunyar ɗan fari, lacca mai kyau, da a jarrabawa ce da na ci. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Dokta, na yarda da duk abin da ka faɗa. Amma al'adar da za ta iya ɓoye i, za ta iya ɓoye a'a. Kai da ka san su, rantse mini ba dattawan gida ne suka ɗoro ta a jirgi ba."

Wallahi ban sani ba. Na san baffan Haruna mutum ne da in ya yi tari ake cewa an ji. Na san matar da aka ce wa "tashi ki je" ba ta tambayar ina. Zaman da take yi a benci, zaman uwa ne mai ɓoye zuciya, ko na wadda aka kawo mayanka tana jiran layi? Daga waje kamarsu ɗaya.

Ya ce, "Ga abin da muke yi wa kowa. Ka gaya mata za mu ce ƙodarta ba ta dace ba. Laifin gwaji ne, ba nata ba, ba wanda zai taɓa sani. In ta karɓi wannan ƙofa, ta koma gida da mutuncinta. In tana son a yi, ta faɗa da bakinta. Ban da haka ba na taɓa ta."

Na san abin da wannan ke nufi. Ƙofar da aka buɗe don jinƙai, ita ce za ta kashe Haruna, domin mai kunya in ka ce mata "shi ke nan, an fasa," cewa za ta yi "to."

Kafin in je wurinta aka kira ni ɗakin Haruna. Bututun ƙafarsa ya yi baƙi, jini ya tsaya. Muka yi ta fama da sirinji har Allah Ya sa gudan jinin ya fito, amma fatar wurin ta yi ja, ta ɗau zafi. Babbar sista ta dube ni, na dube ta. Wurin nan shi ne na ƙarshe, kuma ya fara ruɓa.

Haruna ya ce, "Likita, na ga fuskarka. An ƙi ko?"

"Ba a ƙi ba tukuna. Malam, ka yi wa Inna magana mana. Kalma ɗaya."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "In ce mata me? Tun da nake ban taɓa roƙonta ko ruwan sha ba. Yanzu in fara da ƙoda? Kada ka matsa mata, don girman Allah. In ta ce to, ka sa a kai ni gida da raina, in ga shanu."

Na fito na same ta a bencinta, ta ba ƙofa baya kamar kullum. Na durƙusa yadda ake yi wa manya, Turawa na wucewa suna kallon likita a ƙasa.

"Inna, sannu da zama."

"Yauwa, ɗan mahauta. Kun wasa wuƙar?"

"Inna, Bature ya ce ba zai yi ba. Ya ce bai ga alamar kina so ba. Ya ce za a gaya wa mutanen gida ƙodarki ce ba ta dace ba, ki koma lafiya, ba mai zarginki."

Ina nan durƙushe, ina jiran "to" ɗin nan.

Ta ce, "Ƙodar tawa tana da ciwo?"

"Lafiyarta lau."

"Ƙarya ke nan za ku yi."

"Don a rufa miki asiri ne."

"In an fasa, mutumin can fa?"

"Ba zai ga damina ba, Inna."

Yatsunta suka damƙe bakin benci har suka yi fari. Amma muryarta ba ta canja ba. Ta ce, "Me Baturen yake so?"

"Ki faɗa da bakinki kina so. Ki faɗa mini yanzu, in kai masa."

A karo na farko ta juyo ta dube ni ido cikin ido. "Kai? Gidanku ba shi ne na bayan marina a Karare ba? Uwarka Ladi ba ita ke sayen man shanuna ba? Abin da na faɗa a gabanka, ranar kasuwar Batsari yana bakin mata."

"Inna, likita ba ya fitar da sirri."

"Likita ba ya yi. Ɗan Ladi fa? Ko ka rufe bakinka, kunnenka na gida ne. In haɗu da kai a hanya in san ka ji?"

Duk tsawon lokacin nan ina ɗauka ni ne gadar da za ta haye, ashe ni ne katangar. A gaban Bature ba ta da abin kunya, domin shi ba ya cikin mutanen da ake jin kunyarsu. Ni ne surukin da ke zaune a ɗaki.

Ta miƙe ta ce, "Ina ɗakin dogon?"

"Inna, ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci."

"Na ce maka ina son ya ji?"

Na kai ta. Ta tura ƙofa ba sallama, na ga Mista Hadon ya ɗago kai daga tebur, na sa ƙafa zan bi ta, sai ta juyo ta rufe ƙofar a fuskata.

Da farko shiru. Sannan muryarta ta taso da Fulatanci, a hankali, kamar mai kiran saniya daga nesa. Fulatancina na ciniki ne, bai wuce sunan sa da na karsana ba, amma murya ba ta bukatar tafinta. Ta hau, ta yi kauri, ta karye a tsakiya. Da na ji ta karye sai na bar bakin ƙofar, na tafi can ƙarshen baranda inda ba na jin komai, na tsaya ina karanta sanarwar kashe gobara kamar wanda za a yi wa tambaya a kanta. Babbar sista ta zo ta raɗa mini cewa zazzaɓi ya fara rufe Haruna. Na ce na ji. Ta ce a kira Mista Hadon? Na ce kada wanda ya taɓa ƙofar nan.

Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Ƙofa ta buɗe, Inna Hajo ta fito, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta koma bencinta ta ba ƙofar ɗanta baya. Na shiga. Mista Hadon yana tsaye yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke bukata.

Ya ce, "A sauko da zazzaɓin nan. Da ya sauka za mu shiga."

Na ce, "Me ta ce?"

"Ban ji ko kalma ɗaya ba."

"To, yaya aka yi ka..."

Ya maƙala tabaransa ya ce, "Dokta, abin da majiyyaci ya gaya wa likitansa a ɗaki, nasu ne su biyu."

Zazzaɓin ya yi mana taurin kai kwana da kwanaki, kullum muna duban ƙafar nan kamar masu duban hadari, sannan ya sauka. Da safe aka shiga da su, ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Ni aka ba riƙon ƙarfen da ke buɗe ciki. Na ga ƙodoji ba iyaka a rayuwata, a faranti, a tsinke, a madubi, amma ban taɓa ganin wadda aka ɗauko da tafin hannu biyu kamar jariri ba. Ta zo fara fat, da sanyin ƙanƙara. Mista Hadon ya ɗinka jijiyoyi, ya ce a saki. Ta yi ja, ta cika, ta yi tauri. Saura fitsari, domin shi ne shaidar ta karɓi aiki.

Bai zo ba. Muka tsaya cirko-cirko, manyan likitoci da ƙanana, an zuba wa bakin ɗan siririn bututu ido. Mai ba da maganin barci ya ƙara ruwa. Wani ya yi gyaran murya, Mista Hadon ya harare shi. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Can sai ga ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo. Wani ya biyo shi. Ban taɓa zaton fitsarin wani ƙato zai sa ni hawaye ba. A lokacin ban san ƙodar nan za ta mayar da Haruna Safana ba, ya yi shekaru yana bin ruga-ruga da allurar shanu. Abin da na sani kawai, ta fara.

Da la'asar Inna Hajo ta farfaɗo. Na je na tsaya a gefen gadonta. Ta buɗe ido ta gan ni, ta nemi ruwa, aka jiƙa mata leɓe. Ta tambaya ko ta rasa salla. Ta ce ɗakin da sanyi. Ta tambayi komai, ban da abu ɗaya, ni kuma na riga na koyi darasina. Sai na juya mata baya, na fuskanci babbar sista, wadda ko "sannu" ba ta sani ba, na ce mata da Hausa, da ƙarfi, "Sista, mutumin ɗakin can ya farka. Ya yi fitsari har kwalba ta cika."

Sista ta yi sototo tana kallona, ta ɗauka aiki ya taɓa mini kai.

Daga bayana Inna Hajo ta ce, "Kaɗo da surutu. Wa ya tambaye ka?"

Na kama hanyar fita. Har na kai bakin ƙofa sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, fuskarta na duban bango.

"Ta cika, ka ce?"